Yadda rigakafin tarin fuka ya zama maganin kansar mafitsara

Ɗan tabon nan da ke hannun mutane da yawa, na allurar da ake yi wa jarirai bayan haihuwa, tabon BCG ne, rigakafin tarin fuka. A yau wannan rigakafin ne likitoci ke ɗura wa manya a mafitsara don kada kansa ta dawo.

Labarin ya faro ne a birnin Lille na Faransa a 1908. Albert Calmette da Camille Guérin suka ɗauko ƙwayar tarin fukan shanu, suka riƙa renonta a kan dankalin turawa da aka jiƙa da ruwan maɗaciyar sa. Suna sauya mata mazauni, sau 230 cikin shekara 13, har ta yi laushi, ta daina kawo ciwo. A 1921 aka fara ba wa wani jariri a Paris ta baki, bayan tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa.

To, ina ruwan wannan da kansa? A 1929 Raymond Pearl na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya bi bayanan binciken gawarwaki, ya ga kamar masu tarin fuka ba su cika kamuwa da kansa ba. A 1959 Lloyd Old ya nuna cewa BCG na ƙara wa ɓeraye ƙarfin jure ƙari. Daga baya Berton Zbar ya gano sharuɗɗan da sai an cika su BCG za ta yi aiki a kan ƙari: ƙarin ya zama ƙarami, garkuwar jiki na da ƙarfinta, kuma ƙwayar ta taɓa ƙarin kai tsaye.

Alvaro Morales, likitan mafitsara a Jami'ar Queen's da ke Kingston a Kanada, shi ne ya lura cewa mafitsara ta cika sharuɗɗan, tunda jaka ce da ake iya zuba abu a ciki. Ya gwada a kan majinyata 9, ya wallafa sakamakon a 1976. Ya yi musu ɗurin sau ɗaya a mako har mako 6, saboda maganin da ya samo daga Montreal kwalba shida-shida yake zuwa a kwali. Har gobe da wannan mako 6 ake farawa. Gwajin Donald Lamm na 1980 ya tabbatar da amfanin, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince a 1990.

Ga yadda ake yi. Bayan an kankare ƙarin, sai a zura robar fitsari, a tura ruwan maganin, majinyaci ya riƙe shi kamar awa 2. Idan zai fitar, a zaune zai yi don gudun fantsama, sannan a zuba bilic a masai, domin ƙwayar tana da rai. Ita ke manne wa bangon mafitsara, ta tsokano garkuwar jiki, sojojin jiki su taso mata, su haɗa da ragowar ƙwayoyin kansar. Shi ya sa ake samun zafin fitsari da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Amma fa ba a yin ɗurin sai ga kansar da ba ta kai ga tsokar mafitsara ba.

Matsalar yanzu ita ce ƙaranci. A 2012 masana'antar Sanofi ta Toronto da ke yin maganin ta tsaya da aiki bayan an sami fumfuna a cikinta, Amurka ta koma dogaro da kamfanin Merck kaɗai, har wasu asibitoci kan raba kwalba ɗaya tsakanin majinyata uku.