Darwiniyanci

Darwiniyanci (suna, namiji). 1. Ra'ayin Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, a littafinsa na 1859, cewa jinsunan halittu suna sauyawa sannu a hankali, waɗanda suka dace da muhallinsu su fi yaɗuwa. 2. Ɗora wannan ra'ayi kan al'umma, wai mai ƙarfi ya cancanci mulki, talaka kuwa shi ya so. Da shi 'yan mulkin mallaka suka fake wajen fifita farar fata, hujjar da ba ta da tushe. Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, ya yi kiran a "gyara irin" mutane. A 1933 Jamus ta kafa dokar hana wasu haihuwa da ƙarfi. Misali: Jawabin nan nasa Darwiniyanci ne tsantsa.