Daga Girku Zuwa Galmi: Likitocin Mishan da Baƙin Mako Biyu

A tsohuwar unguwar Turawa da ke arewacin kogin Kaduna akwai asibitin da dattawan gari har gobe suke kira Nursing Home. Don jinyar Turawan mulki da manyan ma'aikata aka gina shi. Yau sunansa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Kaduna ke koyon aiki. Dubban mutane ne ke yankar kati a cikinsa, amma kaɗan ne suka san cewa mai sunan yaron 'yan mishan ne. Dokta Barau Dikko ɗan Zariya ne, ya yi karatu a makarantar mishan, ya wuce King's College ta Legas, ya je Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likitan zamani na farko da Arewa ta haifa. Shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama NPC.

Hanyar da ta kawo shi nan ta faro ne daga wani ƙauye da ke kudu da Zariya mai suna Girku. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran yankinmu a lokacin. Ba su da magani, ba su da harshe, ba su da wata ƙungiya mai ƙarfi a bayansu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, kuma shi ya raya ƙungiyar da aka sani da SIM, uwar cocin ECWA.

Shekara shida bayan haka wata tawagar ta biyo sawu, wannan karon ta cocin Angilika. Bishop Herbert Tugwell ne jagora, a cikinsu kuma akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyo Hausa a wajen alhazai da fatake a Tarabulus. Sun isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ba su wa'adin 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Miller bai haƙura ba. A 1905 ya samu wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. A 1929 aka mai da aikin Wusasa, bayan ganuwa, inda aka gina cocin St Bartholomew da asibitin St Luke. Daga wannan ƙaramin wuri ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Turawan mulki ba su sakar wa 'yan mishan mara ba. Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin jama'a ba, saboda haka Razdan da Di'o suka riƙa hana masu wa'azi shiga garuruwan sarakuna. Abin da ya buɗe ƙofar ita ce kuturta.

A farkon shekarun 1930 wani limamin Kirista daga Ingila, Tubby Clayton, wanda ya kafa ƙungiyar Toc H, ya ziyarci Kano ya ga halin da kutare ke ciki. Da ya koma gida ya yi kira ga samari su ba da kansu, kuma daga 1935 aka fara turo 'yan sa-kai zuwa sansanonin kutare. Yawancinsu ba likitoci ba ne. Gini suke yi, da gyaran inji, da kula da gonaki, da wankin gyambo. Daga 1937 hukumomin En'e suka fara danƙa wa SIM manyan sansanoni: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Maganin da ake da shi a lokacin wani man itace ne daga Indiya da ake ɗura wa majinyaci ta allura a ƙarƙashin fata, wuri bayan wuri, mako bayan mako. Yana da zafi ainun, warkewa kuma sai an dace. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta zo ta sauya labarin.

Ba a ɓoye take ba cewa 'yan mishan suna son a karɓi addininsu. Ana addu'a kafin a fara allura, ana koyar da karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932, kuma batun yaran da ake reno a waɗannan sansanoni ya sha jawo saɓani da sarakuna da iyaye. Duk da haka talakawa sun yi ta zuwa. Da yawa sun karɓi magani sun koma gida da addininsu. Wasu sun zama Kirista, suka zama malaman asibiti na farko a ƙauyuka.

Bayan kuturta sai ido. A 1943 Dokta Douglas Hursh ya buɗe asibitin ido na SIM a Kano, wanda har yau ake nufo shi daga Nijar da Chadi da Kamaru. A 1950 Dokta Burt Long ya buɗe asibitin Galmi a Nijar, a bakin hanyar Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi. A 1957 Katolika suka kafa asibitin St Gerard a Kakuri, a ƙetaren kogin Kaduna, sannan a 1959 asibitin Jankwano na Jos ya fara aiki. Waɗannan likitoci zuwan zama suke yi. Jirgin ruwa ke kawo su, su shekara huɗu kafin su ga gida, su koyi Hausa har su iya tambayar tsohuwa inda ke mata ciwo ba tare da tafinta ba. Wasu a nan aka binne su.

A watan Janairun 1969 wata nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, wadda ta zo aiki a asibitin mishan na garin Lassa bayan ta manyanta, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a gane kansa ba. Aka ɗauko ta a ƙaramin jirgi zuwa Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, aka kai ta New York, ta sha da ƙyar, kuma daga jinin waɗannan mata masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar da duniya ke kira zazzaɓin Lassa. A shekara ta gaba Dokta Jeanette Troup ta Jankwano ta yanke a hannu tana binciken gawar wani majinyaci, cutar ta kashe ta.

Daga nan zamani ya juya. SIM ta miƙa ayyukanta ga ECWA a 1976, gwamnatocin soja sun karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama, kwalejin St John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi. Samun takardar izinin zama ya yi wa Turawa wuya. A can Amurka da Turai kuma jirgin sama ya yi araha, ƙungiyoyi irin su Operation Mobilisation da Youth With A Mission, wadda aka kafa a 1960, suka nuna cewa mutum zai iya zuwa aikin Allah na ɗan lokaci ya koma bakin sana'arsa. A 1977 wasu 'yan'uwa biyu likitocin tiyata, Richard da Lowell Furman, suka kafa World Medical Mission don tura likitoci su riƙe wa na asibitocin mishan aiki na 'yan makonni. Harkar ta bunƙasa har wani masanin zamantakewa na Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta cewa Amurkawa masu zuwa coci kimanin miliyan 1.6 ne ke irin wannan tafiya a kowace shekara.

Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Coci ya tara gudunmawa, mutum goma ko ashirin su ɗauki hutu, su cika akwatuna da magani da tabarau da kayan tiyata. A wurin da za su sauka an riga an yi shela a coci da masallaci da fadar mai unguwa. Tun asuba layi ya miƙe a harabar makarantar firamare: mai yanar ido riƙe da sandar da jikansa ke ja, mai ƙaba, mai maƙoƙo, uwa da yaro a goye. Aji ɗaya na awon jini, ɗaya na ganin likita, ɗaya na raba magani. Masu gini kuma suna can suna ɗora kwano, ko shafa fenti, ko haɗa sola. Kwana goma, a yi hoto, a kama hanyar filin jirgi.

Akwai ciwon da wannan tsari ke yi wa magani sarai. Yanar ido aikin ƙasa da awa ɗaya ce, washegari a cire bandeji mutum ya ga fuskar iyalinsa. Amma hawan jini da ciwon suga ba sa jin maganin wata guda, kuma ɗinkin da ya ruɓe bayan mako uku yana bukatar wanda zai duba shi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A ɓangaren gini ma lissafin bai cika fita ba. Bayan guguwar Mitch ta 1998 wani malamin jami'a, Kurt Ver Beek, ya bi diddigin gidajen da aka sake ginawa a Honduras, ya tarar tawagar baƙi tana kashe kimanin dala 30,000 a kan gidan da magina 'yan ƙasa ke kammalawa da dala 2,000, mafi yawan kuɗin kuma a tikitin jirgi da masauki suke tafiya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ya ga masu walda da kafintoci da ke jiran aiki ya san Kaduna ba ta rasa hannu ba.

Ga kuma batun yarda. Tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da ƙauracewa allurar shan inna a 2003, baƙon da ya zo da magani kyauta sai ya sha tambaya. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba Kaduna gida biyu, Kiristoci da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, ko da yake manyan majami'u irin su St Michael da St Joseph da hedkwatar cocin HEKAN suna nan a arewa. Sai garkuwa da mutane ta zo ta ƙarasa. An sace Jeff Woodke a Abalak ta Nijar a 2016, bai kuɓuta ba sai 2023. A 2017 an sace wasu 'yan mishan huɗu daga Birtaniya a jihar Delta, aka kashe ɗayansu, Ian Squire, masanin tabarau. Yau gwamnatocin Amurka da Ingila suna gargaɗin mutanensu game da zuwa jihar Kaduna, tawagogin waje kuma sun yi ƙaranci.

'Yan gida ne suka cike gurbin. Ƙungiyar Pro-Health International, wadda Dokta Iko Ibanga ya kafa a 1991, tana kai likitocin Najeriya ƙauyuka su yi aiki kyauta. Ƙungiyar likitoci Musulmi ta IMAN tana irin nata, gidauniyar Al-Basar mai asibitin ido na Makkah a Kano tana kafa sansanin aikin ido a jihohi, kuma likitocinmu mazauna Amurka da Ingila suna dawowa hutu da kayan aiki.

Inda baƙi suka fi amfani shi ne inda suka tarar da asibiti a tsaye. A Egbe ta jihar Kogi, asibitin da Dokta George Campion ya buɗe a 1952 ya kusa durƙushewa, sai daga 2011 tawagogin magina da injiniyoyi suka riƙa zuwa bi da bi, tare da ma'aikatan gari, suka gyara ɗakunan jinya da ruwa da wuta. A Danja kusa da Maraɗi, tsohuwar cibiyar kutare ta samu asibitin yoyon fitsari a 2012 ta ƙoƙarin Dokta Lewis Wall, wanda tun yana matashi ya yi bincike kan maganin gargajiya na Hausa a ƙasar Malumfashi. A Galmi, likitan da ya zo na wata ɗaya yana shiga jadawalin da ya tarar, ya ba na dindindin damar hutawa, ya kuma koyar da matasan Afirka da ke horon tiyata na shekara biyar a ƙarƙashin shirin PAACS. Majinyacin da ya yi wa aiki yana da fayil, yana da ranar dawowa.

Wannan ne ma'aunin da ya kamata fasto ko limami ko mai unguwa a unguwannin Kaduna irin su Kawo da Unguwar Rimi da Malali ya riƙe idan aka ce ga tawaga nan tafe, daga Texas take ko daga Jidda ko daga Abuja. A nemi shaidar rajistarsu da hukumar likitoci ta ƙasa, a duba ranar lalacewar maganin da suka kawo, a ba magina 'yan unguwa aikin ginin. Kafin a yi wa kowa yanka kuma, a rubuta sunan asibiti da likitan da zai karɓi majinyacin ranar da baƙin suka hau jirgi.