Yadda Aka Buɗe wa Kurame Ƙofar Ilmi

Yaro ba ya zuwa duniya da magana a bakinsa. Da kunne yake tsintar ta, yau kalma ɗaya gobe biyu, daga bakin uwa da na 'yan'uwa. Saboda haka wanda aka haifa kurma, ko kuwa ciwo ya toshe masa kunne tun yana goye, ba ya iya magana, ko da yake harshensa lafiya lau yake. A zamanin da mutane ba su gane haka ba. Sukan ɗauki bebe kamar wanda hankalinsa bai cika ba, har dokar Rumawa ta hana wanda aka haifa bebe yin wasiyya. In an ga kurma a gaban malami a Turai, to, ɗan wani babban mutum ne.

Wajen shekarar 1760 wani Fada a birnin Faris ta ƙasar Faransa, ana ce da shi de l'Épée, ya shiga wani gida ya tarar da 'yan mata biyu tagwaye. Ya yi musu magana ba su amsa ba, sai uwarsu ta gaya masa kurame ne. Amma ya lura suna hira a tsakaninsu da hannu, kowacce kuwa tana gane 'yar'uwarta sarai. Nan ya ga abin da ya ɓuya wa malaman da suka riga shi, watau kurame suna da harshensu, masu ji ne ba su iya shi ba. Sai ya mai da kansa almajirinsu, ya koyi alamunsu, sa'an nan ya bi ta kan alamun nan ya koya musu karatu da rubutu. Ya buɗe makaranta a gidansa, yana karɓar 'ya'yan talakawa ba da ko kwabo ba, yana ciyar da aikin da dukiyarsa har ya rasu a 1789. A 1791 gwamnati ta ɗauki nauyin makarantar.

Daga Faris hasken ya ƙetara Amurka. Wani malami a garin Hartford, Thomas Gallaudet, yana da maƙwabci likita mai 'ya kurma. Uban yarinyar da abokansa suka tara kuɗi suka aika da shi Turai a 1815 don ya koyo yadda ake karantar da kurame. A Ingila masu aikin suka riƙe dabararsu kamar asirin gado, suka gindaya masa sharuɗɗan da bai iya ɗauka ba. A Faris kuwa aka karɓe shi hannu bibbiyu. Ya komo gida a 1816 tare da wani malami kurma, Laurent Clerc. Kwana 52 suka yi bisa teku, Gallaudet yana koya masa Turanci, shi kuma yana koya wa Gallaudet maganar hannu. Ran 15 ga Afrilu 1817 suka buɗe makaranta da yara 7. A 1864 Shugaba Lincoln ya sa hannu a kan takardar kafa kwalejin kurame a Washington, wadda daga baya aka sa mata sunan Gallaudet.

Amma fa ba dukan malamai suka yarda da wannan hanya ba. A Jamus, tun 1778, Samuel Heinicke ya kafa makaranta a Leipzig inda ake koya wa kurma ya furta magana da baki, ya kuma riƙa karanta leɓen mai yi masa magana. Hujjarsu ita ce, kurma cikin masu ji zai zauna, don haka gara ya iya harshensu. Hujja ce mai ƙarfi, kuma yaron da ya kurmance bayan ya fara magana yakan amfana da ita. Sai dai aikin da wuya ƙwarai. Mai karatu ya tsaya gaban madubi ya ce “baba”, ya kuma ce “mama”, ba tare da fid da murya ba, zai ga motsin leɓen ɗaya ne. Haruffan da ake yi can cikin baki kuwa, kamar k da g, ido ba ya ganinsu sam.

A watan Satumba 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan ta Italiya. Wakilai 164 suka hallara, kusan dukansu masu ji ne. Suka yanke cewa maganar baki ta fi ta hannu, ita za a bi a makarantu. Wannan shi ne aski a bayan mai kai. Ƙasashe da yawa suka bi shawarar, aka sallami malamai kurame daga aiki, aka hana yara ɗaga hannu a aji, har a waɗansu wurare akan sa su zauna a kan hannuwansu. Yaro ya shafe shekaru yana fama da furta kalmomin da bai taɓa ji ba, lissafi da tarihi suna wuce shi. Duk da haka maganar hannu ba ta mutu ba, gama yara sun ci gaba da koya wa juna ita a ɗakin kwana, a ɓoye. Sai a 1960 wani malamin kwalejin Gallaudet, William Stokoe, ya nuna a rubuce cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta. A 2010 taron malaman kurame na duniya ya zauna a Vancouver ta Kanada, ya soke shawarar Milan, ya bayyana nadama, bayan shekara 130.

Cikin waɗanda suka kawo wannan ilmi Afirka ta Yamma babu kamar Andrew Foster, baƙar fatar Amurka, wanda aka haifa a Alabama a 1925. Sanƙarau ya kama shi yana da shekara 11, ya tashi ba ya ji, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya ga bazara a ƙasar Hausa. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digiri a kwalejin Gallaudet, a 1954. Ɗan mishan ne, kuma da wannan niyya ya sauka Gana a 1957, shekarar da ta sami mulkin kai, ya buɗe makarantar kurame a Ankara. A 1960 ya buɗe wata a Ibadan, wadda ta zama wurin horar da malamai, har daga ƙasashen da Faransa ta mallaka. Kafin ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, ciki har da Cadi da Kamaru da Togo.

Kada kuwa a zaci Hausawa sun jira baƙo kafin kuramensu su sami harshe. A Kano da sauran garuruwa akwai maganar hannu ta gida wadda kurame suka gada kaka da kakanni, manya suna koya wa yara, masu ji da yawa kuma sun iya abin da za su yi ciniki da ita a kasuwa. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta, aka buga a 2000. Alamun da aka fi koyarwa a makarantu kuwa, asalinsu na Amurka ne.

Wanda duk ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kansa ya san zafin riƙe takarda bai san abin da ke cikinta ba. Yaron da ba ya ji, ba a kuma koya masa komai ba, halinsa ya fi wannan tsanani, gama ko tambaya ba shi da hanyar yi. In akwai irinsa a gida, a fuskance shi in za a yi masa magana, a bar haske ya faɗa a fuskar mai maganar, a koyi alamunsa, a haɗa shi da kurame manya, a kuma kai shi makaranta tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.