Tarihin Dabarar Raba-Biyu a Ilmin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya taɓa neman kalma a cikin ƙamusun Bargery, wanda aka buga a 1934, ya san ba a farawa daga shafin farko. Littafin ya haura shafi dubu, saboda haka mai neman kalmar "tukunya" yakan buɗe shi ne ta wajen tsakiya. In ya faɗa cikin kalmomin da ke farawa da harafin K, ya san abin da yake nema yana gaba, sai ya bar duk abin da ke baya, ya sake tsaga ragowar gida biyu. Haka zai yi ta yi har ya isa. Wannan ita ce dabarar da masana kwamfuta ke kira neman raba-biyu. Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihinta, don a ga yadda abin da yaro ke iya ganewa cikin minti biyar ya yi shekara sittin yana kayar da ƙwararru.

Da farko ya kamata a san cewa na'ura ba ta aiki da hankali ko hasashe. Sai an shimfiɗa mata matakai ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an bar giɓi ba. Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Amfanin algoridim ɗin raba-biyu kuwa a fili yake. Idan an jera sunaye 1,000 bisa tsarin haruffa, dubawa 10 ta isa a gano kowanne. Sunaye miliyan ɗaya ba su buƙatar fiye da dubawa 20, biliyan ɗaya kuma dubawa 30. Sharaɗi guda ne kawai, wato a riga an jera kayan bisa tsari.

A 1946 ne John Mauchly, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka jagoranci ƙera na'urar ENIAC, ya ambaci dabarar a wasu laccoci da aka gabatar a birnin Filadelfiya ta Amurka. Sai dai kuma duk tsarin da aka buga a shekarun da suka biyo baya yana da tawaya, domin ba ya aiki sai in yawan kayan ya kasance irin su 7, 15, 31 ko 63, wato adadin da kullum ke da tsakiya sak in an raba shi. Sai a 1960 masanin lissafi Derrick Lehmer ya buga tsarin da ke aiki da kowane adadi, sannan Hermann Bottenbruch ya kawo nasa a 1962. Shekara 14 ke nan tsakanin faɗar dabarar da rubuta ta daidai.

To, ina wahalar take? Tana bakin iyaka. In kayan da suka rage guda 8 ne, ba su da tsakiya. Sai an zaɓi na huɗu ko na biyar. In an duba na tsakiya ba shi ba ne, dole a fitar da shi daga lissafi, in ba haka ba na'ura na iya maƙalewa tana duba abu ɗaya har abada. In kuma abin da ake nema ba ya nan sam, tilas a san lokacin da za a tsaya. Mutum mai ƙamus a hannu yana warware waɗannan ba tare da ya lura ba, amma na'ura sai an faɗa mata.

Jon Bentley ya ba da labari a littafinsa na 1986 mai suna Programming Pearls cewa ya sha bai wa ƙwararrun masu rubuta manhaja wannan aiki a ajin horo, ya ba su isasshen lokaci, amma kimanin kashi 90 cikin ɗari suka kawo rubutu mai kuskure. A 1988 kuma Richard Pattis ya bincika littattafan koyarwa 20, ya tarar 5 ne kaɗai suka rubuta dabarar daidai. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin mamaki bai ƙare nan ba. A 2006 Joshua Bloch, wanda ya yi karatu a gaban Bentley, ya bayyana cewa tsarin da malamin nasa ya buga, har ya kafa masa hujjar lissafi, shi ma yana da aibi. Bloch ya kuma amsa cewa aibin yana cikin wanda shi kansa ya rubuta wa harshen Java, inda ya kwanta kimanin shekara 9 kafin ya ɓata wa wani aiki. Ga yadda abin yake. Don a sami tsakiya, akan haɗa lambar farko da ta ƙarshe a raba biyu. A takarda wannan ba shi da laifi. Amma gurbin da Java ke ajiye irin wannan lamba ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. In kayan sun haura biliyan ɗaya, jimlar na iya tsallake wannan iyaka ta juye ta zama lambar da ke ƙasa da sifiri, sai aikin ya rushe. Maganin kuwa layi ɗaya ne: a ɗebe ta farko daga ta ƙarshe, a raba saura biyu, a ƙara wa ta farko. Hujjar Bentley ta yi daidai a lissafin da lamba ba ta da iyaka. Na'urorin zamaninsa ne ba su kai girman da za su tona asirin ba.

Daɗin daɗawa, dabarar da ta sha fama da kurakurai ta koma makamin farautar kuskure a cikin rubutun manhaja. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya ƙirƙiro Linux, ya samar da Git a 2005 don adana kowane gyara da aka yi wa rubutu. A cikinsa akwai umarnin da ke bin tarihin gyare-gyaren ta hanyar raba-biyu. In manhaja tana lafiya a da, yanzu kuma ta lalace bayan gyara 1,000, sai a gwada na tsakiya, a ga ko lalacewar ta riga ta shiga ko tukuna. Gwaji kimanin 10 ya isa a kama gyaran da ya kawo ɓarnar.

Darasin wannan tarihi ya shafi ɗalibi da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya. Na farko, saurin nema ya dogara ne ga wahalar da aka sha wajen jerawa, domin fayil ɗaya da aka saka ba a muhallinsa ba ya ɓata ke nan ko da yana cikin ɗakin. Na biyu, fahimtar ƙa'ida daban, aiwatar da ita daban. Saboda haka duk wanda aka kawo wa sabon tsarin adana bayanai, ya kamata ya sa a gwada shi a gabansa da jerin da babu kome a ciki, da mai abu ɗaya, da sunan farko, da na ƙarshe, da sunan da ba ya nan, sannan da adadin da ya ninka na yau sau da yawa, kafin ya sa hannu a takardar karɓa.