Kyauta ko Bashi? Kamfani da Dajin Madarumfa

Tun 1975 Nijar ta mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace, kuma a 'yan shekarun nan kamfanoni sun gano amfaninta. Za a zo da mota cike da tsirrai a leda, a raba huluna da riguna masu tambari, babban jami'i ya durƙusa ya dasa ɗaya, a ɗauki hoto. Na koma irin wannan fili a watan Afrilu, lokacin da bazara ta kai bazara. Allon kamfanin yana tsaye, fentinsa bai ko dushe ba. Ramukan kuwa babu komai cikinsu sai tsinke busasshe da kashin awaki. Wannan shi ake shigarwa cikin rahoton shekara da sunan sauke nauyin al'umma.

Matsayin wannan maƙala shi ne, a wuri irin Madarumfa, kamfanin da ya ɗauki kula da daji a matsayin kyauta ya riga ya kuskure hanya. Abin da ke kansa bashi ne da ciniki, kuma tarihin itatuwan yankin ne hujjata.

Madarumfa ba ta rasa abin karewa ba. Ga tafki, ga gandun dajin gwamnati, ga kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta, waɗanda Nijar ta haɗa su wuri guda ta miƙa wa UNESCO a jerin share fage a 2006. A 2019 aka sa tafkin cikin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar. Wajen Gabi kuma akwai dajin Baban Rafi, wanda ya dangana da iyakar Najeriya, kuma ya daɗe yana ɗauke da murhun birnin Maraɗi. To amma rajista a UNESCO ko Ramsar ba ta hana gatari. Me ya taɓa hana shi?

Amsa ta farko daga gona ta fito. Zamanin da doka ta ɗauki itace mallakar hukuma, manomi bai ga dalilin raya abin da ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara a kansa ba. Kafin damina sai ya sassabe gonarsa ƙal, ya ƙone. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, wanda ya sha wahalar dashen da ba ya kamawa, ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki ba ciyawa ba ne, tohon kututture ne mai saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin ba shi da wuya. Manomi ya tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara mai toho ashirin, ya zaɓi uku ko biyar mafiya ƙarfi, ya sare sauran, ya share ƙananan rassa da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ba leda, ba ban ruwa. Manoma suka sa masa suna sassaben zamani. Da farko maƙwabta dariya suke yi wa mai irin wannan gona, suna ce masa ƙazamin manomi. Abin bai bazu sosai ba sai da mutane suka tabbata itacen da suka raya nasu ne, za su sari reshe su sayar ba tare da fargaba ba. Ƙiyasin masu bincike ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Ba kamfani ne ya dasa su ba.

Amsa ta biyu ta zo da dokar 1992, wadda ta kafa kasuwannin itace na karkara. Maimakon dillali daga birni ya shiga daji da mota ya sari son ransa, sai ƙauye ya samu yankinsa da adadin da zai sara a shekara, dillali ya saya daga hannunsa, harajin kuma a raba tsakanin kwamitin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali. Baban Rafi na cikin dazuzzukan da aka gwada wannan. Ba zan ce ya tafi sumul ba. An wuce ƙa'idar sara, itacen sata ya ci gaba da shiga gari, makiyaya da mata ba su samu murya daidai da tasu buƙata ba. Duk da haka darasin ɗaya ne da na gona: inda aka ba mutum haƙƙi, ya zama mai gadi.

Saboda haka ƙofa biyu ce kamfani zai shiga ta cikinta da mutunci. Ta farko ita ce biyan abin da ya ɓata. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma Mota-Engil ke ginawa, ta Jibiya zai ƙetaro, ke nan ta ƙasar Madarumfa zai ratsa. Kowane irin aikin hanya yana cin gawo da aduwa da burtali. Diyyar gawon da manomi ya raya shekara ashirin, wanda ke takin gonarsa yana ciyar da tumakinsa da rani, ba alheri ba ce da za a yi wa biki. Kamfanin CCECC na Sin ya gina jami'ar sufuri a Daura da sunan hidimar al'umma, abin a yaba ne, amma gini a wani gari ba ya mayar wa mai gona inuwarsa.

Ƙofa ta biyu ita ce zama mai saye. Sahara Sahel Foods da ke Damagaram yana sayen anza da aduwa da magarya daga matan karkara, ya sarrafa su ya sayar. Ƙaramin kamfani ne, ba ya ko kusa da masu allo a girma, amma ya taɓa jijiyar maganar: matar da ke samun jika biyu daga 'ya'yan aduwa kowace shekara ita ce farkon mai hana a sare ta. Sai dai ciniki ma yana da sharaɗi. Shirin dashen ɗakwara da kamfanin ASI ya shiga tare da Bankin Duniya, don samar da ƙaro da kuɗin iskar kabon, ya bar ƙauyuka suna jira shekaru masu yawa kafin kuɗin ya iso hannunsu. Talaka ba ya iya ba da bashin shekara goma.

Za a ce mini kamfani ba hukuma ba ne, riba ya fito nema, ko leda goma ya kawo ai da hanau gara mannau. Na yarda da rabin maganar. Ba na neman kamfani ya ɗauki aikin gwamnati, musamman yau da 'yan bindiga suka mayar da sassan dajin iyaka maɓoya, har mutanen Gabi da Ɗan Isa ke tsoron zuwa inda iyayensu suka yi itace. Wannan aikin jami'an tsaro ne. Inda ban yarda ba shi ne a ce dashen biki ba ya cutar da kowa. Yana cutarwa, domin yana koya wa jama'a cewa itace abu ne da baƙo ke kawowa a mota, alhali kututturen yana nan a gonarsu. Kuɗin huluna da allo kaɗai zai biya ladan matasan da ke sintirin hana saran dare a ƙauye guda har kaka ta zagayo.