HALI

hali, suna, namiji. Jam'i: halaye. Asalinsa Larabci ne.

Ma'anarsa ta farko ita ce abin da aka halicci mutum a kansa na haƙuri ko fushi, kyauta ko rowa, wanda da shi ake rarrabe shi da ɗan'uwansa ko da ciki ɗaya suka fito, kuma saboda wuyar sauyawarsa ne Hausawa suka ce hali zanen dutse. Ɗabi'a kuwa, ko da yake jama'a kan gwama ta da hali, ta fi karkata ga abin da tarbiyya da sabo suka dasa.

Ana kuma nufin yanayin da mutum yake ciki, kamar halin rashin lafiya, ko kuma wadata, har a ce wane mai hali ne. Ƙarfin hali jaruntaka ce. A wajen ma'abota nahawun Larabci, hali kalma ce mai bayyana siffar fa'ili ko maf'uli lokacin aukuwar aiki, hukuncinta nasabu.