So ein Flegel (1934): jarumi ɗaya, wa da ƙane

So ein Flegel fim ne na barkwanci da ya fito a Jamus a 1934, baƙi da fari. Ma'anar sunan kusan "Ji wani fitsararre!" Robert A. Stemmle ne ya ba da umarni, Heinz Rühmann kuma ya ja fim ɗin. An ɗauko labarin ne daga littafin Die Feuerzangenbowle na Heinrich Spoerl, wanda ya fito a 1933.

A littafin, Hans Pfeiffer marubuci ne da aka koyar a gida, bai taɓa zama a aji ba. Da ya ji abokansa suna hirar tsiyar da suka shuka wa malamai, sai ya yi shigar ɗalibi ya shiga sakandare. Masu fim ɗin ba su bi wannan sak ba. Sun ƙirƙiro masa ƙane mai suna Erich, suka yi musaya: wan ya koma aji, ƙanen ya hau kujerar wansa. Rühmann ne ya fito a duka biyun, kuma ku tuna lokacin ba kwamfuta, dabarar kyamara ce zalla.

A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Rühmann ya sake fitowa a wannan labari, a ƙarƙashin Helmut Weiss, da ainihin sunan littafin, babu ƙanen. Shi ne ya danne na farkon, har yau ɗaliban jami'o'in Jamus na taruwa kallonsa gab da Kirsimeti. Ni dai na ce ku fara da na 1934, don ku ga abin da aka cire.